Goggo da kofin madarar jariri

Na shiga gidanmu a Luggere na tarar Goggo za ta ɗura wa jaririn yayata Adda madarar gwangwani, wai mai jego ba ta da nono.

Na ce, "Goggo, a dakata, wannan fannin da na karanta ne. Ƙwayoyin halittar mama suna ƙunshe sinadaran nono cikin ƙananan jakunkuna, jaka ta manne da bangon ƙwayar, ta buɗe ta juye. Tsotson yaro ne ke zaburar da su."

Ta harare ni. "Namiji da kai, ka taɓa shayarwa?"

Amma ta ajiye kofin, Adda ta ci gaba da sa jaririn a mama. Washegari nono har ya jiƙa riga, Goggo na shelar dabararta ce.

Na bar mata, tunda yaro ya ƙoshi. Ku da kun tanka?