Telan Da Ba Ya Faci

Shekara arba'in da ɗaya Tela ya yi yana taka keken ɗinki a shago guda, kuma duk layin an san dokarsa: ba ya faci. Ka kawo masa wandon da ya ɓule a gwiwa, sai ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ce, "Malam, faci asarar zare ne. Sayo yadi in ɗinka maka sabo." Ƙaninsa kuwa, wanda har furfura ta fito masa ana ce masa Auta, gyaran takalma yake yi a bakin kwana. Faci ne abincinsa, kuma Tela bai taɓa barinsa ya manta ba.

Ciwon gwiwa ya kama su a shekara ɗaya, gadon uwarsu. Likita ya ɗaga hotunan ƙashinsu ya ce gefen ciki kawai ya cinye musu, su biyun. Za a iya canza rabin gwiwar: kuɗin ya fi sauƙi, an fi saurin miƙewa, sai dai wasu bayan shekaru akan sake buɗe su. Ko a canza ta gaba ɗaya: ga tsada, ga doguwar jinya, amma ba kasafai ake komawa ba.

"Wato rabin nan faci ne," in ji Tela.

"Ni dai a yi mini facin, likita," in ji Auta.

Tela ya yi masa kallon tausayi. Ya sayar da kekensa mai wuta ya cika kuɗin canza gwiwar gaba ɗaya, ya bar tsohon na takawa. Ko a ransa bai kawo cewa wanda ya bari ɗin shi ne mai buƙatar ƙafa ba.

Mako shida, sai ga Auta a tsugune gaban kayan aikinsa yana buga ƙusa, har da raira waƙa. Tela kuwa wata huɗu gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa yadda yake so. Ya zauna kan keke minti goma, sai ta kumbura. Masu kawo ɗinki suka fara gaishe shi daga nesa, yadinsu a hammata, suna wucewa gaba. Wallahi ƙyashi ya ci mutumin nan! In Auta ya leƙo ya ce, "Yaya, ya ƙarfin jiki?" sai Tela ya amsa wa almakashi. Ya biya kusan ninki biyu, ya rasa kekensa, kuma mai facin takalmi ne ke tafiya kamar ɗan saurayi.

"Tasa ta ɗan lokaci ce," yake ce wa maiɗakinsa. "Likita da bakinsa ya faɗa, ana sake buɗe su."

"Wasu ya ce, Malam. Kuma ƙaninka ne fa, ciki ɗaya."

Bai kula ta ba. Ya ja kujerarsa bakin ƙofa, kullum da safe yana duba tafiyar Auta.

Rannan kuwa sai ga Auta yana ɗingishi, yana dafa bango. Daɗin da ya ratsa Tela, shi kansa ya ji kunyarsa, amma bai hana shi ji ba.

"Af! Facin ya fara ɗagowa ke nan?"

"Ya fara, Yaya. Da na bi shawararka."

Ranar Tela ya taka keke rabin sa'a, ya ci abinci har da ƙari. Mako biyu Auta na wucewa da ɗingishi, Tela na yi masa sannu da fara'a, ƙafarsa kuma tana sakewa a hankali.

Wata safiya maiɗakinsa ta goge dogon madubin gwajin kaya, ta jingine shi a karkace, yana kallon titi. Auta ya zo ya gaishe shi, ya wuce yana jan ƙafa. Tela ya ɗaga kai daga zare, sai ya hango shi a cikin madubin. Auta na wuce shagon ya waiga, ya miƙe sambal, ya tsallake kwata da tsalle ɗaya.

Tela ya daɗe riƙe da zaren bai samu kafar allura ba. Washegari da Auta ya taho yana dafa bango, bai iya kallon fuskarsa ba.

"Auta," ya ce, "ka bari haka nan. Jiya da ƙafar hagu ka yi, kuma a ta dama aka yi maka aiki."