Bokitin Malama Selbi

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Malama Selbi, wadda ta koya mana lissafi a makarantar 'yan mata ta kwana a Tambuwal. Ina aji ɗaya ta rasu, yanzu ina aji biyar. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, ko a aji ma ba na ɗaga hannu. Abin da rediyo ke faɗa game da ƙasarsu ne ya sa na ɗauki biro.

Ranar da aka kawo ni daga Kebbe a bayan akori-kura, abin da na fara gani jan ɗigo ne a goshin matar da ke zaune bakin ƙofa. Na ɗauka ciwo ta ji, ashe adon ƙasarsu ne. Ita ce Malama Selbi. Tana karɓar bokitin kowace sabuwar ɗaliba tana rubuta masa suna da fenti. Ta tambayi ɗakin da aka ba ni, na ce na fuɗu. Ta ce, "Huɗu." Sai wata 'yar yarinya ta leƙo daga bayanta ta ce, "Fuɗu na! Ke ce ba ki iya ba."

'Yarta ce, Shanti. A Sakkwato aka haife ta, a wurin masu girkin makaranta ta koyi magana, su suka mayar da ita Shatu. Tana kiran uwarta "Amma", mu kuma kullum sai mu tsaya jiran ta ƙarasa zancen.

Duk gari Ba'indiya ake ce wa Malama, ita kuma ba ta gajiya da gyarawa. Ta ce ƙasarsu tsibiri ce a gindin Indiya, dā Silon, yanzu Siri Lanka. Su Tamil ne, masu rinjaye kuwa Sinhala. Kakanninta a can aka haife su tun kafin zuwan Turawa, amma da aka sami mulkin kai sai aka ce harshe ɗaya ne na gwamnati, kuma ba nasu ba ne. Da kuɗin fetur ya buɗe makarantu a nan, ita da mijinta Malam Raja, mai koya mana kimiyya, suka taho.

Wata Asabar ina taya ta wanke kwanuka, ta dubi bokitin da ke hannuna ta ce tana ƙarama an taɓa tsayar da motarsu a hanya. Wasu mutane suka ɗaga bokiti, kowa sai ya faɗi sunansa da Sinhala. Harshen Tamil yakan karkace a harafin farko. Wanda nasa ya karkace, a sauke shi. Babanta ya faɗa daidai. Maƙwabcinsu bai dawo cikin motar ba. Ta faɗi wannan tana goge faranti, ni kuma na ci gaba da ɗauraya.

Ciwon shawara ne ya kashe ta da damina. Ba a bar mu mun je jana'iza ba. Malam Raja ya ga ba zai iya renon yarinya shi kaɗai ba, ya kai Shatu wurin kakarta a babban birnin tsibirin, ya dawo aiki.

Yanzu rediyo na cewa ana ƙone shaguna da gidajen Tamil a wannan birnin, ana tare motoci. Da hutu, a Kebbe, na ji labarin a rediyon Baffa. Ya ce, "Su wa da wa ka faɗa? Ba duk Indiyawa na ba?" Na buɗe baki in gyara, na fasa. Mu ma Fulani ake ce mana, alhali a gidanmu Inna tsohuwa kaɗai ke jin Fulatanci, kuma ba wanda ya taɓa tare mu a hanyar Jabo ya ce mu faɗi sunan ƙwarya.

Da Malama na raye, ina jin ba za ta yi mamaki ba. Za ta shiga aji ta ba da aikin gida. Abin da ban sani ba shi ne ko ta koya wa Shatu sunan bokiti da Sinhala kafin ta rasu. Shatu ta bar nan da Hausa a bakinta, da Tamil kaɗan. In an ɗaga mata bokiti, ban san wane suna zai riga fitowa ba. Nakan yi wannan tunanin ina ɗiban ruwa, ba na kuka, ba na jin komai. Ina cika bokitin in ɗauka.

Abin da ya rage mana na Malama ba shi da yawa. Ƙananan ɗalibai ba su san ta ba. Gidan da ta zauna har yau gidan Ba'indiya ake ce masa. Shatu ce kawai ta rage, in ta rage.

Malam Raja bai sami labarin kowa ba. Ya ajiye aiki, zai tafi nemansu. Ranar da yake ɗaure kaya na daɗe tsaye a bakin ƙofarsa kafin ya lura da ni. Ya ce, "Hadiza, lafiya?"

Na ce, "Malam, in ka same ta, ka sa ta yi magana a kaset ka aiko muna. Ko da wane harshe ya rage mata."