Ciyawar da Inna ta nome

Gidan da muke haya a unguwar Muhaisnah ta Dubai yana da ɗan fili a bayan kicin, faɗinsa bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba. Yashi ne zalla, sai guntayen sigari da masu hayar baya suka bari. Amma ranar da na fara ganinsa kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Sai wanda ya yi shekaru a hawa na sama a unguwar International City, yana shanya a taga, ya san darajar ƙasa ko da tafin hannu ce.

Mai gidan wani dattijon Balarabe ne, ba shi da yawan magana. Ya ce yana da niyyar shimfiɗa ciyawar roba a wurin. Ni kuwa a duniya ban ga abin da na tsana kamar ciyawar roba ba. Da zafi ta ɗauki wuta kamar kasko, ga wari irin na tayar mota. Na haɗa Larabcina na asibiti da Turanci na roƙe shi ya bar ni in shuka ta gaske. Ya dube ni, ya dubi cikin da ke gabana, ya ce ya ba ni lokacin sanyin nan. In ya dawo kafin zafi ya ga abin kirki, shi ke nan. In ya tarar da yashi, khalas, magana ta ƙare, roba za a sa.

Ba kore kawai nake nema ba, ƙudan zuma nake so. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, yana rataye amya a kan ɗorawar gonarmu, kuma da kukansu na tashi. Da hantsi in ka tsaya a gindin bishiyar nan sai ka ji kamar ita ce take numfashi. Tun da na zo Dubai ban sake jin wannan sautin ba, sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki dare da rana. Na sa wa raina abin da zan haifa sai ya ji shi.

Da zafi ya fara sauka na tasa maigidana gaba zuwa kasuwar shuke-shuke ta Warsan. Muka sayo buhunan ƙasa da takin awaki, da irin wata gajeruwar ciyawa mai ganye uku-uku da Larabawa ke kira barsim, wadda aka ce ƙudan zuma ba sa iya wuce furenta. Muka haɗo da 'ya'yan wani fure mai suna narjis, waɗanda in ka gan su ka rantse albasa ce. Maigidana ya juya ɗaya a hannu ya ce in ba ta yi fure ba ma yi miya da ita. Na ce ya ci shi kaɗai, guba ce, kuma ba ni zan kai shi asibiti ba.

Na binne albasar furen a gefe-gefe, na watsa irin a tsakiya. Daga nan kuma na zama abin dariya. Kafin in tafi aiki ina wurin, in na dawo ko jaka ban ajiye ba ina wurin. Safiyar da na ga yashin ya yi wani kore-kore kamar an barbaɗa kuka, da ƙaton cikina na durƙusa ina leƙe, har sai da aka zo aka ɗaga ni. Babu wanda ban tura wa hoto ba. Wata abokiyar aikina 'yar Maraɗi ta ce in na sake turo mata ciyawa za ta toshe lambata. Kafin watan haihuwata ya kama wurin ya rufe ruf, ya yi laushi, in ka taka kamar katifa.

Na haifi mace. Inna ta zo daga gida don jego, karonta na farko a jirgi, da kanwa da daddawa da tsintsiyarta ta kaba, don ta ce ba ta yarda da sharar Turawa ba. Ta karɓe gidan gaba ɗaya. Wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa har sai na ce wayyo, kuma ta hana ni leƙa waje wai iska za ta shige ni. Ta taga kawai nake gaisawa da ciyawata.

Wata safiya bayan suna, barci ya ɗauke ni, sai ga Inna ta shigo tana karkaɗe zane, fuskarta fal fara'a, wuƙar kicin a hannu.

"Na gyara muku filin nan na baya," in ji ta. "Gida da ɗanyen jego a bar ciyawa har bakin ƙofa? Maciji kuke kiwo ko sauro?"

Ban san lokacin da na kai bakin ƙofar ba. Wurin ya yi fes. Inda wuƙa ta ci ta yanke, inda hannu ya kama ta tuge, ta tara a lungu, sannan ta bi da tsintsiya har da zanen sharar nan mai kyau da ake yi a tsakar gida ranar sallah. Sai ganyen narjis kawai ke tsaye a gefe.

"Albasar dai na bar miki," ta ce, "ko da yake ban ga alamar za ta yi abin kirki ba."

Ina da zuciya, kowa ya sani. Da wani ne ya yi mini wannan, da unguwar ta ji mu. To amma uwa ce, kuma ta yi ne don ta kare jikarta, bayanta ma ciwo yake yi. Na ce, "Sannu da aiki, Inna." Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka mai isata. Maigidana ne ya kwashi kashinsa a hannu, don da ya dawo ya leƙa sai ya ƙunshe baki yana dariya. Ranar ya ji abin da bai taɓa ji ba, ƙasa-ƙasa, don kar surukarsa ta ji.

Uwa ba a ɓoye mata. Da rana ta ga tuwon yana nan yadda ta ajiye, ta ce, "Ke, me aka yi miki?"

Na ce, "Inna, ciyawar nan shuka ta na yi."

Ta saki baki. "Ciyawa? Mutum da hankalinsa ya shuka ciyawa? Mu muna can muna kashe kanmu wajen nome ta."

Na gaya mata zancen Balaraben mai gidan da robarsa. Sannan na ce saboda ƙudan zuma ne, ina so yarinyar nan ta ji abin da muke ji a gindin ɗorawar Baba. Tun da aka sauke amyoyin nan bayan rasuwarsa ban taɓa jin Inna ta ambace su ba. Ta gyara wa jaririyar hula, ta daɗe tana gyarawa, can ta ce, "Akwai sauran irin?"

Akwai. Washegari matar da ta yi shekara da shekaru tana yaƙi da ciyawa ta duƙa tana shuka ta. Ba ta ba ni haƙuri da baki ba, ni ma ban jira ba. Ruwan wankin shinkafa bai sake bin rariya ba, can yake zuwa. Ta samo tsohon faranti ta jera tsakuwa ta zuba ruwa, ta ce haka babanmu yake yi musu don su sha ba su nutse ba. Tantabarun unguwa suka gano irin, ta zauna gadi da tsintsiya tana yi musu faɗa da Hausa.

Sai dai lokaci ya ƙure mana. Rana ta fara cizo, bizar Inna ta kusa ƙarewa, sabon irin kuma yana tafiyar hawainiya. Wadda aka yanke ta sake tofowa, har ta fi da kauri, amma tsakiyar, inda Inna ta fi nuna gwaninta, ta zauna kamar sanƙo. Narjis ce ta fara buɗewa, fari tas da ɗan rawaya a ciki, ƙamshi har falo. Inna ta sunkuya ta shinshina ta ce, "Ashe albasar banzan nan turare ce." Sannan barsim ta fara fitar da ƙananan kawuna farare. Kullum sai na tsaya na kasa kunne, ba komai sai ƙarar motocin da ke kwasar ma'aikata.

Ranar da abin ya faru ina ba yarinya nono da hantsi. Inna ta leƙo, muryarta can ƙasa, ta ce, "Taso a hankali. Taho da ita."

Su ne, ƙudan zuma. Ƙanana ne, ba su kai rabin namu na gida ba, amma kukan iri ɗaya ne sak. Suna ta hawa suna sauka a kan furannin, biyu kuma sun jeru a bakin farantin Inna suna shan ruwa. Daɗi ya rasa inda zai fita, na kama dariya ina hawaye, ina so in yi guɗa ina tsoron kar su watse. Na karkata kunnen jaririyar wajen, ita kuwa ko a jikinta, barcinta take yi. Da na waiwaya, Inna ta rufe ido tana motsa baki.

Balaraben mai gidan ya zo a ƙarshen makon, da naɗin ciyawar roba a bayan motarsa. Ya tsaya yana kallon sanƙon nan na tsakiya, ya tsuke baki. Ya buɗe baki zai yi magana ke nan, Inna da ke zaune a kan tabarma ta ɗaga masa hannu kamar mai tsawata wa ɗan cikinta.

"Gaya masa ya yi shiru ya saurara," ta ce da ni. "Masu wurin sun riga sun tare."

Ban ma fassara ba. Dattijon ya yi tsit, ya ɗan sunkuyar da kai, ya jima a haka. Sai ya ce, "Masha Allah." Ya nuna sanƙon ya ce shwaiya shwaiya, sannu a hankali, zai cika. Robar ba ta sauka daga mota ba.

Ana gobe Inna za ta koma, ina haɗa mata kaya, na ji wani ɗan ƙulli a bakin mayafinta. Na kwance, sai ga ragowar irin barsim. Ta fizge ta mayar ta ƙulle.

"Bayan ɗakin babanku zan zuba in damina ta faɗi," ta ce, ba ta dube ni ba. "Kuma kar in ji kin gaya wa kowa na shuka ciyawa."