Shaidar Kunne da Sunan Iya Kande

Har yau idan warin kalwa a kan wuta ya bugi hancina, sai in ga kaina a tsakar gidan kakarmu Iya Kande a Kaikai, wani ƙauye kusa da Kusada. Mu a Kankiya muka tashi, can mahaifinmu yake aikin ƙaramar hukuma, amma da an ba da hutun makaranta sai a tattara mu, ni da yayana Sale, a sa mu a motar Kusada. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiharmu ta Katsina ba. Sana'ar Iya daddawa ce, kuma ta yi suna da ita, don a kasuwar Kusada mata ba sa cewa a ba su daddawa, sai dai su ce a ba su ta Kande. Kalwa kuwa ba ta nuna da wuri, sai a yini ana yi mata wuta ba ta ko russuna ba. Saboda haka da an idar da magariba Iya kan jawo kujerarta bakin murhu, mu kuma ta ɗora mana aikin tura kara, ita tana biyanmu da tatsuniya.

Ni take kira Maigida, wai ta yi rashin sa'ar miji, ba cefane sai buɗe kwano. Sale kuwa Sarkin Gardama take ce masa, kuma ba ta yi masa ƙage ba. Ba ta fara tatsuniya yadda sauran mutane suke farawa. Sai ta ƙwanƙwasa muciya a bakin tukunya ta ce, "Ga baƙuwa ta iso, kuna da wurin da za ta zauna?" Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo, ga tabarma."

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne, har sai cikinmu ya ƙulle. Amma akwai guda da sau ɗaya na taɓa jin ta a bakinta. A ranar, da rana, wasu maƙwabtanmu biyu sun kusa fasa wa juna kai a kan akuya, kowa yana rantsuwa cewa tsagar da ke kunnenta tasa ce. Iya ta yini ba walwala, da yamma kuma ko tsokanata ba ta yi ba, ta shiga labari kawai.

Wai a wani gari, da an kwashe amfanin gona sai a saki dabbobi su cakuɗe a daji. Kowane gida yana da shaidarsa a kunnen dabba, wani tsaga, wani huda, wani yanke baki. To amma kowa shi yake zaɓar wa kansa, sai a wayi gari gida biyu sun yi shaida iri ɗaya, a yi ta rigima har a zub da jini. Dattawa suka zauna suka ce a sami mutum guda ya riƙe shaidun garin duka a kansa, da sharaɗin ba zai mallaki dabba ba ko da kaza ce, ba kuma zai karɓi ko goro a kan aikin ba. Maza suka yi ta sosa ƙeya. Sai wata mata ta ce ta ɗauka. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ƙarami, tumakinsa kuma ciwo ya bi su ya ƙarar, ba ta da abin da za ta rasa.

Daga ranar, duk mai son sabuwar shaida sai ya zo gabanta a gindin tsamiya, a idon jama'a, ya zana ta a ƙasa. Ita kuma ta ce akwai mai ita, ko babu mai ita. "Ba tata ba ce hwa balle ta ba wanda ta so," in ji Iya. "Tsaro kawai anka ba ta."

Wata rana wani baƙon makiyayi ya zauna a garin, ya zo ya zana tsaga a tsinin kunnen hagu. Shaidar mijinta ce. Ta daɗe tana kallon ƙasa, amma babu dabba ko ɗaya a garin da ke ɗauke da ita, don haka ta ce babu mai ita. Baƙo ya tsaga wa garkensa.

Ɗanta ya girma, ya yi ta noma a gonakin mutane har ya mallaki tunkiya guda. Ya jawo ta gindin tsamiya da askarsa a hannu, bakinsa har kunne. A nan Iya ta sauya murya, tana yin ta ɗan tana yin ta uwar.

"Inna, shaidar babana nika so."

"Akwai mai ita."

"Wanda kika ba ya tahi kiwo gabas, ko bana ba lalle ya dawo ba. Wa za shi sani?"

"Tumakinshi na can na yawo da ita. Ran da sunka gamu da taka a mashaya, ko kai ka yi asara ko shi. In kuma na yi maka yau, gobe maganata ba ta raba kowa. Zana wata, ɗana."

Bai zana ba. Ya mayar da askarsa aljihu, ya ja tunkiyarsa da kunnuwanta lafiya lau, ya fita ta ƙofar yamma. Garin ya zauna lafiya shekara da shekaru, ba a sake faɗa a kan dabba ba. Ita kuwa kullum la'asar sai ta tsaya bakin hanya tana duba kunnuwan dabbobin da ke dawowa, tana waƙa a hankali. Iya ta rera mana ita:

"Tunkiya mai kunne lafiya,
Ina kika baro mini yarona?"

Sale ya yi wurgi da karan da ke hannunsa ya ce, "Wallahi Iya matar nan muguwa ce! Abin ubanshi ne hwa!" Iya ba ta yi masa faɗa ba, ta ce, "Ai ban ce maka ta ji daɗi ba." Na tambaye ta ko ɗan ya dawo. Ta ce, "Tura wuta, Maigida. Baƙuwa ta tashi, ku naɗe tabarma." Na kwanta ranar ina jin tausayin matar ina kuma jin haushinta.

Iya ta rasu ina makarantar sakandare. Ni karatu ya ja ni wajen kwamfuta, har na zauna a birni. Sale shi ya riƙe sana'ar gida, ya kuma ɗaukaka ta. Ya tara matan Kaikai da Mawashi suna yi masa daddawa yadda Iya ta koyar, yana ɗaurewa a leda mai tsabta, yana aikawa garuruwa da sunan Daddawar Kande. Shi ya ɗauki nauyin karatuna bayan mahaifinmu ya bar aiki, bai taɓa goranta mini ba.

Ana nan aka zaɓe ni cikin shugabannin wata ƙungiya mai kula da sunaye a intanet. Abin ba shi da wuyar ganewa. Kowane shafi yana da adireshi, kowane adireshi kuma yana ƙarewa da 'yan haruffa bayan ɗigo, waɗanda ni nake kira wutsiyar suna. Kowace wutsiya tana da masu tsaronta, domin kada mutum biyu su riƙe suna ɗaya, mai neman shagon wani ya faɗa na wani. Ƙungiyarmu ba ta kasuwanci ba ce, ba mai raba riba a cikinta. Mambobi ne suke zaɓen shugabanni, a bainar jama'a ake tsara dokoki, dillalai ne suke karɓar buƙatun mutane su yi musu rajista. Wanda ya riga zuwa shi ke da suna, muddin ba don ya cuci wani ya ɗauka ba. Idan an yi jayayya, akwai masu sasanci da ba sa ƙarƙashin kowa a cikinmu. Ranar da aka karanta mana waɗannan sharuɗɗa na yi murmushi ni kaɗai, na ce ashe gindin tsamiya aka kawo ni.

Murmushin bai daɗe ba. Masu sayen kayan Sale suka matsa masa ya buɗe shafi, ya je wurin dillali, aka duba aka ce masa akwai mai sunan. Wata mata ce a wata jiha mai nisa ta riga shi. Bai kira ni a waya ba, ya jira na zo Kankiya, ya same ni a zaure bayan azahar.

"Kai, wai ba ku ne ke riƙe da makullin abin nan ba?"

Na ce, "Mu ne, Yaya, amma tsaro muke yi."

"To ka sa a cire ta. Sunan Iya ne. Wace ce a ƙasar nan ta kai ta daddawa?"

Na ce masa ba ni da wannan iko, kuma ko ina da shi ba zan taɓa ba. Na nuna masa hanyar kai ƙara. Na ce ko kuma ya ƙara Kaikai a jikin sunan, yau ɗin nan a yi masa rajista. Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya ce, "Iya ba ta taɓa neman ƙari a sunanta ba. Kalma guda za ka faɗa musu, Habu. Ni ban taɓa roƙonka komi ba." Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo.

Ya kai ƙarar. Ni kuma na sanar da abokan aikina cewa mai ƙarar ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya, na janye daga duk wani zama da za a ambaci maganar. Masu sasanci suka bincika. Ashe matar ita ma mahaifiyarta Kande ce, ita ma daddawa suke yi tun kakanni, ba ta taɓa jin labarin Kaikai ba balle ta yi niyyar cin arzikin wani. Aka bar mata sunan. Hukuncin daidai ne, na sani, kuma da na karanta shi sai da na rufe ofis na yi kuka.

Sale bai zage ni ba, da ma ya zaga da ya fi mini sauƙi. Idan na gaishe shi yakan amsa, amma daga lafiya lau ba ya ƙara komi. A lokacin matarsa tana da tsohon ciki, kuma mahaifiyarmu ta riga ta raɗa mini cewa ya ce idan namiji ne ni za a yi wa takwara. Da aka haihu namiji na kama hanya da ɗan ragona a bayan mota, ina ce wa kaina jini ya fi ƙarfin wannan magana. Da safiyar suna muka zauna a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, Sale ya sunkuya ya raɗa wa liman. Liman ya ɗaga murya ya ce an sami Usman. Mutane suka shafa fatiha, wasu suna satar kallona. Ni ma na shafa.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan a raina. Da ina yaro na ɗauka Iya tana koya mana gaskiya ne kawai, irin wadda ake yaba wa mutum a kanta. Yanzu na gane abin da ta gani a faɗan maƙwabtan nan. Idan jama'a suna son su zauna lafiya da abin da kowa ke so ya ce nasa ne, dole a sami wanda zai riƙe shi ba don kansa ba, kuma wannan mutum yana da uwa da ɗa da ɗan'uwa kamar kowa. Mutanen da suke buɗe shafukansu kowace safiya su tarar da sunayensu inda suka bar su ba su san ni ba, ba kuma dole ne su sani ba. Da za a dawo da ni zauren nan, amsar da na ba Sale ita zan sake ba shi. Wannan bai rage mini kewarsa ko kaɗan ba.

Har yanzu bai buɗe shafin ba, da waya yake cinikinsa, kuma Allah ya sa masa albarka. Usman ya shiga firamare. Da na je gida da ƙaramar salla na tarar da su a zaure, Sale yana gyara masa hula. Yaron ya taso da ladabinsa, ya durƙusa a gabana ya ce, "Sannu da zuwa, Malam." Na jira a ce masa baffanka ne. Ba wanda ya gyara masa.