Kifin da Kakana Ya Kankare

Har yau in na ji ƙarnin kifi a hannuna, kakana nake tunawa. A Sa'alaba, wata unguwa a Jidda, muka tashi, shi kuwa shekara arba'in yana gyaran kifi a kasuwar bakin teku. Ya zo aikin hajji yana yaro, iyayensa suka rasu a hanya, bai ma san sunan garinsu ba. Wataƙila shi ya sa ya damu da dangin kifaye. Sai ya buɗe bakin kifi, ya leƙa haƙoran maƙogwaro, ya ce wannan ɗan'uwan wane ne. Abokan aikinsa dariya suke masa.

Wata bazara mai gumi, wani masunci ya jefa ƙugiya can ƙasa, inda hasken rana ba ya kaiwa, ya ciro ɗan kifi ja mai ratsin ruwan ɗorawa, bai fi tafin hannu ba. Ba wanda ya taɓa ganinsa. Kaka ya duba leɓɓansa masu kauri, ya ce jinin tarabani ne, wancan ƙaton kifi mai ƙullutu a goshi. Aka kwashe da dariya. Sai ya aika wa wani malamin jami'a mai yawo kasuwa neman baƙon kifi, don a raba gardama.

Na kawo masa abinci, ina zaune muna jiran malamin, yana ta hira. Hannun da ya saba ba ya neman izini. Kafin mu ankara ya kankare ɓawon, ya farke cikin, ya wanke tas, kamar zai miƙa wa mai saye.

Da malamin ya iso, ya juya kifin, ya ce, "Ya Hajji, ai ɓawon muke ƙirgawa mu gane jinsin kifi. Halas, shi ke nan, wannan sai tukunya."

Kaka ya daɗe yana kallon wuƙarsa. Sannan ya ce mini, "Amarya, kai wa kishiyarki ta dafa," wato kakata. Bai ƙara buɗe bakin kifi a gaban mutane ba, kuma abin ya ci ni sosai.

Bara 'yata, wadda Hausarta ta fi ƙarfi a kunne, ta karanto mini a waya da Larabci cewa an gano sabon kifi a zurfin teku, an bi jininsa har gidan su tarabani. Na kalli hoton. Ko shi ne, ko ɗan'uwansa, ban sani ba, na gaji da son sani. An dai samo wa kifi danginsa. Kakana yana kwance a Jidda, har yau ba mu san garinsu ba.