Baƙin Batir a Daɓen Ɗakina

Shekarar da aka gina mini ɗaki a gidanmu na Makarfi, siminti ya gagari talaka. Sojoji ke mulki, an ce kowa ya tsuke bakin aljihu, mu kuwa aljihun ma ba abin tsukewa a ciki. Sabulu sai an bi layi, madara sai dai a ji labarinta. Maigidana, wanda ke saro mazarƙwaila daga ƙauyukan Gubuchi da Gazara ya kai Zariya, ya ɗora ginin da tubalin ƙasa, ya rufa da tsohon kwano, ya ce ƙasan ɗakin kam sai dai a koma daɓe irin na da. Ba wanda ya yi murna da wannan magana kamar surukata.

Inna muke ce mata. Ita ce uwar daɓe a unguwarmu tun kafin a haife ni. Idan za a yi, sai a zuba tsakuwa da jar ƙasa a ɗaki, mata su durƙusa a jere da madaɓai suna dukan ƙasar suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har wurin ya yi tauri ya ɗauki sheƙi. Da siminti ya shigo aka daina kiranta. Yanzu da ya yi tsada, sai ga aike har daga Kudan ana neman hannunta.

Inna tana da wata dabara da ta fi ta kowa. Takan fasa mataccen batir na rediyo ko na tocila, ta kwashe baƙin garin da ke ciki, ta dama shi cikin makuba. Daɓenta yakan fito baƙi wuluk, kana iya ganin inuwarka a ciki. A lokacin ba a yar da batir da wuri. Idan ya yi sanyi a shanya shi a rana, a ɗan bubbuga shi, a sake sa shi, sai ya mutu murus sannan a kai wa Inna. Saboda ɗakina ta bi gida-gida wata biyu tana tarawa, har ta cika babbar ƙwarya ta tura ƙarƙashin gadonta. Ta ce ɗakin matar ɗanta ba za a samu irinsa ba daga nan har Ikara.

Ɗana na fari yana da wata bakwai a lokacin. Ya fara jan ciki, kuma duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa zai kai. A kan wannan daɓen zai yi rarrafe.

Saura kwana huɗu a yi aikin, bayan la'asar, ina tsintar shinkafa a bakin rumfa, maigida ya kunna rediyo. Watanni kafin nan mun ji labarin wani jirgin ruwa da ya jibge gangunan guba a wani ƙaramin gari na bakin teku a kudu, har wasu bayin Allah suka juye gangunan suna tara ruwan sha a ciki, da yadda sojoji suka fusata suka ce waɗanda suka kawo su zo su kwashe kayansu. Na yi wa mutanen addu'a, na kuma ɗauka maganar ta wuce. Ranar sai ga wani masani yana bayani cewa ƙasashen duniya sun taru, manya da ƙanana, sun zauna kwana da kwanaki suna tsara doka guda: kada wata ƙasa ta kai wa wata shararta mai cutarwa a ɓoye, kuma wanda ya yi hakan shi zai koma da ita. Ya shiga lissafa irin sharar. Ragowar magungunan masana'antu, man tsofaffin taransifoma, sai na ji ya ce har da tsofaffin batura, saboda dalma da zaiba da ke cikin wasunsu, waɗanda ke taruwa a jikin yaro a hankali su taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Na ajiye faifan. Zaiba na san ta. A sakandare malamarmu ta kimiyya ta taɓa ɗiga mana ita a faranti, tana gudu kamar mai rai, ta ce duk wadda ta taɓa sai ta sha bulala. Ashe 'yar'uwar wannan ce a ƙarƙashin gadon Inna.

Abin da ya fi kama ni ba tsoron ba ne tukuna, mamaki ne. Wai manyan mutane, kowa da harshensa, kowa da tutar ƙasarsa, sun bar gidajensu sun hau jirage sun zauna a kan abin da muke shanyawa a bisa katanga kusa da kuɓewa. Na ɗauki batir ɗaya da ke kan taga na juya shi a tafina. Bai kai ɗan yatsa biyu ba. An haƙo kayansa daga cikin duwatsun da ban san sunansu ba, an haɗa shi a wata ƙasa, ya ƙetare teku, ya bi mota har kasuwarmu, ya shiga rediyo ya ɗauko muryar mutumin da ke faɗa mini cewa shi kansa batir ɗin guba ne. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah da ya ɓoye amfani da cuta a cikin abu guda, ya kuma sanar da bayinsa a lokacin da ya so.

Sai dai sanin bai ba ni bakin magana ba. Ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, in ya yi kuka ma sai ta kau da kai har wani ya miƙo mata shi. Yaron na Inna ne, angonta take ce masa. Ni da zan buɗe baki in ce ina jin tsoro saboda shi, ai na zubar da kunyar da aka yi mini tarbiyya a kai.

Na gwada ta wajen maigida. Na ce, "Malam, ka ji abin da mutumin nan ya ce kuwa?"

Ya ce, "Na ji. Maganar jiragen ruwa ce."

"Har da batir ya ce."

Ya sosa gemu. "Daɓe aikin mata ne. In shiga tsakanin Inna da ƙwaryarta? Wata biyu fa tana tarawa."

Washegari na leƙa gidan maƙwabciyarmu, wata Kirista daga kudancin Kaduna da ke aiki a ƙaramin asibitin garin, wadda ita ta karɓi haihuwata. Bayan mun gaisa na tambaye ta. Ta ce ba za ta iya rantsewa kan yawan gubar da ke cikin kowane batir ba, amma ita ba za ta bar jariri ya lashi wannan baƙin ba ko sau ɗaya. Ta ce in ina so za ta zo ta yi wa Inna magana. Na ce a'a. In baƙuwa ta zo da maganar, Inna za ta gane na kai ƙararta waje, wannan kuwa ya fi muni.

Kwana uku ina sallah ina roƙon Allah ya ba ni mafita da ba sai na yi magana ba. Bai ba ni irin wadda nake so ba.

Ranar aikin mata suka cika gidan tun hantsi. An zuba ƙasa, an jera madaɓai, makuba na cikin tukunya. Inna ta fito da ƙwaryarta ta zauna a kan turmi, ta ɗauki dutse za ta fasa na farko. Yaron yana bayan ƙanwar maigida. Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni gabanta ba. Na durƙusa, na sunkuyar da kai.

Na ce, "Inna, don Allah a bar baƙin nan."

Ta ce, "Me ya samu baƙin, 'yar nan?"

"Guba ne. A rediyo aka faɗa. Ɗana zai lasa."

Ɗana na ce, da bakina, a gaban mata sun fi goma. Wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "La'ilaha! Yau ga 'yar boko ta haifi ɗa!" Wata ta ce, "Inna, an ƙwace miki ango da rana tsaka." Aka fashe da dariya. Ni kuwa hawaye ke ɗiga a kan gwiwata, ina jin kamar ƙasar ta buɗe in shige.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, dutsen yana hannunta. Sannan ta ce, "Shekara nawa ina wannan aiki, ban ga wanda ya faɗi ba."

Na ce, "An ce ba ya kayarwa nan take, Inna. A hankali yake ci, ba a gani." Na ba ta labarin jirgin, da taron ƙasashen.

Ta ce, "Duk duniya suka taru? A kan wannan?" Ta ɗaga batir ɗin tana duba shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Har da shi."

"Ikon Allah. To da suka taru, me suka ce a yi da shi?"

"Sun ce wanda ya kawo shi ya koma da abinsa."

Ta jefa batir ɗin cikin ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ce wa matan, "Ku kama aiki, makuba ta isa." Ta juyo gare ni. "Ke kuma tashi ki share fuska. Kin yi rashin kunya, amma angona kika yi wa."

Ranar kasuwa ta ɗora ƙwaryar a ka, ta ce in biyo ta. Muka je rumfar mai sayar da rediyo da tocila, wani mutumin Zariya, ta sauke masa a gabansa.

Ya ce, "Inna, waɗannan ai matattu ne."

Ta ce, "Na sani. Kai ka kawo su garin nan, kai za ka koma da su. Dokar duniya ce."

Ya ce, "Wace duniyar?"

"Tambayi rediyon da kake sayarwa."

Maƙwabtansa suka yi ta yi masa tsiya suna cewa ya yi maza kafin soja su ji. Ya juye su cikin buhu yana dariya, ya ce saboda furfurarta zai kai wa wanda yake sarowa a wurinsa, shi ma ya san inda zai kai. Ko ya kai, ko ya zubar a hanya, Allah ne masani. Har yau abin yana damuna, domin in a hanya ya zubar, wani wurin ne da 'ya'yan wasu.

Daɓen ya fito ja mai duhu, kalar goro. Inna ba ta taɓa yabonsa ba, takan ce ya yi fari kamar na ragwaye. Da ya bushe, ita ta fara shimfiɗa yaron a kai. Ya dafa tafukansa biyu, ya sunkuya ya manna bakinsa a ƙasa ya lasa, ya ɗago yana yamutsa fuska saboda ɗacin makuba. Ina bakin ƙofa, na kau da kai kamar yadda ya kamata, ina yi wa Allah godiya a zuci.