Ranar da Shafin Masaƙar Sharada Ya Ƙi Buɗewa

Akwai wata Laraba da har yau ba ta fita daga raina ba. Lokacin ina akawu a wani kamfanin jima a Challawa. Ofishina wani ɗaki ne can bayan sito, daga ni sai kwamfuta.

Ku na yanzu ba ku tarar da kundin shafuka ba. A wancan zamanin, in kana neman kamfani a intanet, akwai babban shafi da aka jera adireshin shafuka rukuni-rukuni. Ka shiga Afirka, ka shiga Najeriya, ka shiga Kano, sannan masana'antu. Mutane ne ke tsara shi da hannu. Da na nemi a sa kamfaninmu, sai aka ce rukunin Kano ba shi da mai kula, ko zan karɓa? Na tambayi manajanmu, Alhaji Garba, ya ce, "Karɓi mana, in dai ba zai taɓa aikin ofis ba."

Aikin ba wuya. Ka buɗe shafi, ka tabbatar yana aiki, ka rubuta ɗan bayani, ka ajiye shi inda ya dace. Wanda ya daina buɗewa kuwa, ƙa'ida ita ce a cire shi. Ba ni da wanda zan yi wa hirar wannan aiki, don abokan aikina gani suke wasa nake da na'ura.

Ran nan sai shafin wata masaƙa ta Sharada ya ƙi buɗewa. A can Malam Idi ke kula da injinan saƙa. Mutumin ƙasar Maraɗi ne, shi ya sauke ni a ɗakinsa sa'ad da na zo Kano ban san kowa ba. Tun da na koma Challawa sai mu yi watanni ba mu haɗu ba. Na ce ba zan cire shafin ba sai na gani da idona. Da aka tashi na hau bas.

Na tarar da ƙofa a garƙame, maigadi kaɗai a kan benci.

"Sannunku Baba. Ina mutanen?"

"Ai an sallami kowa tun kafin azumi."

"Malam Idi fa?"

"Ya koma gida. Ya ce ya je Challawa neman wani yaronsa su yi sallama, a bakin ƙofa aka ce ba a san mai sunan ba. Ko kai ne?"

Na ce ni ne. Bai bar lambar waya ba, shi ma maigadin bai san ƙauyensu ba.

Washegari na cire shafin. A gurbin dalili na rubuta "an rufe". Wani mai kula daga wata ƙasa, wanda ban taɓa gani ba, ya amsa da "mun gode".

Daga nan, duk shafin da ya mutu a rukunina sai na taka da ƙafata zuwa kamfanin kafin in cire, ko a can Bompai yake. Abin da na gane shi ne, kafin shafin kamfani ya daina buɗewa, mutanensa sun daɗe da watsewa. Ban sake ganin Malam Idi ba.